Ɗan Maraya Jos, Gwanin Kuntigi Kuma Mawaƙin Marasa Gata

DUK ɗan Arewa da ya taɓa kwana a tashar mota a ƙasar Kudu, ko a Agege ne, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa jin wani ɗan siririn kiɗa mai sauri yana tashi daga rediyon mai shayi ba, sa'an nan murya guda ta biyo bayansa, ba kalangu, ba 'yan amshi. Wannan kiɗa shi ne kuntigi, muryar kuwa ta marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ce, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Jos ranar Asabar, 20 ga watan Yuni na 2015, cikin kwanakin farko na azumin Ramalan. Yau fiye da shekara 10 ke nan da rasuwarsa, amma direbobi da 'yan dako da masu gadi ba su daina sauraronsa ba.

Mawaƙa da yawa sun yi tashe a zamaninsu, da suka mutu sai sunan ya bi su. Abin da ya hana na Ɗan Maraya binsa abu biyu ne, kuma in mai karatu ya duba da kyau zai ga a haɗe suke. Na farko shi ne gwanintarsa ta hannu da ta baki. Na biyu kuwa shi ne irin mutanen da ya zaɓa ya kashe wannan gwaninta a kansu, watau mutanen da ba su da abin ba maroƙi.

FIYANO DA GWANGWANIN KIFI

Mazauna Ikko sun saba ganin fiyano, watau babban akwatin kiɗan nan na Turawa da ake samu a coci-coci da manyan ɗakunan taro. An ƙago shi a ƙasar Italiya wajen shekara ta 1700. Yana da maɓallai 88, farare da baƙaƙe, a cikinsa kuma akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. Gwanin fiyano yakan hau dandamali shi kaɗai, jama'a su yi tsit, ya yi awa guda ko fiye yana kaɗawa, in kuwa yatsansa ya kuskure ba wani makaɗi a gefe da zai rufa masa asiri. Saboda wannan ne Turawa suke girmama irin waɗannan gwanaye ƙwarai da gaske.

To, in ana neman wanda ya yi irin wannan tsayuwa ta mutum guda a gaban taro a ƙasar Hausa, sai a dubi Ɗan Maraya. Bambancin kawai shi ne, shi tsirkiyarsa ɗaya ce tak. Kuntigi ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi wanda aka cinye kifin aka yar, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya guda daga wannan kai zuwa wancan. Hannu ɗaya yana kaɗa tsirkiyar, yatsun ɗaya hannun kuma suna danne ta a jikin sandar, in an danne kusa da gwangwani sauti ya yi sama, in an ja baya ya yi ƙasa. Iyakar kayan aikin ke nan. Mutum zai iya sa shi cikin hannun babbar riga ya ratsa kasuwa ba wanda ya sani.

Domin a gane wuyar abin, sai a gwada shi da sauran manyan makaɗan Hausa. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna da kotso da tawagar 'yan amshi. Alhaji Mamman Shata yana da masu kalangu a bayansa suna karɓa masa. Amfanin amshi kuwa ya wuce ƙawata waƙa, domin sa'ad da yara suke maimaita gindin waƙa, ubangidansu yana samun sararin shaƙar numfashi, ya kuma shirya ɗan waƙar da zai kawo nan gaba. Ɗan Maraya ba shi da wannan hutu. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, kuntigin kuma shi ne ɗan amshinsa.

Ga yadda yake yi. Kowace waƙa tasa tana da ɗan gajeren kiɗa nata na kanta, wanda yake juyawa da sauri yana maimaitawa, har wanda ya saba da shi yakan gane waƙar da za a yi tun bai buɗe baki ba. Da zarar ya fara rerawa, sai tsirkiyar ta saki wannan kiɗa ta bi muryarsa, in murya ta hau ta hau, in ta sauka ta sauka. Da ya kai ƙarshen magana sai ta koma kan kiɗanta na farko kamar ba ta taɓa barinsa ba. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma ba ya hana kalmomi fita tsaf. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a harshe irin Hausa, inda hawa da saukar murya kaɗai suke raba kukan yaro da itacen kuka. Shi ya sa ko a tsohuwar rediyo mai shashshaka ake jin kowace kalma ta Ɗan Maraya.

YARON BUKURU

An haifi Adamu a Bukuru, kudu da Jos kaɗan, a cikin 1946. Wanda bai san Bukuru ta wancan zamani ba ba zai gane waƙoƙinsa sosai ba. Gari ne na haƙar kuza a ƙasar Birom. Tun farkon mulkin Turawa kamfanoni suka buɗe ramukan kuza a kan tsaunin nan, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layi kuma ya iso daga Fatakwal ta Kafanchan a 1927. Sai jama'a suka yi ta kwararowa neman aiki, Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato, da Barebari, da Ibo, da Yarabawa, da sauransu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila take samun kuza mai yawa, Turawa suka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas tsakanin 1942 da 1944. Da yawa daga cikinsu sanyin Jos da cuta suka kashe su, nesa da danginsu.

Watau dai Hausawan Bukuru su ma mutanen nema ne, kamar yadda masu karanta wannan shafi suke a Kudu. Sun bar gida, sun zauna a wuri mai harsuna da yawa, suna da sarkinsu wanda yake sasanta su, yake kuma tsaya musu in wani abu ya taso. Mahaifin Adamu, Malam Wayya, makaɗi ne a fadar wannan sarki. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba uban ya rasu, uwar ma ta bi shi tun yaron yana jariri. Daga nan ne aka laƙaba masa sunan da duniya ta san shi da shi.

Jariri marar uwa da uba a garin baƙi, in ba Allah Ya kiyaye ba, kowa ya san inda yakan ƙare. Amma sai sarkin Hausawan Bukuru ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Ba wanda ya san a lokacin abin da yaron zai zama. An riƙe shi ne don ɗan makaɗin gidan ne, kuma don Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne.

Tun yana ƙarami ya nuna sha'awar kiɗa, yana raɓar makaɗan garin. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri, tun bai balaga ba, ya ga makaɗan can suka burge shi, sai ya haɗa kuntigi da hannunsa. Daga ranar nan har ya bar duniya bai sake kayan kiɗa ba.

KAREN MOTA

Al'adar roƙo a ƙasar Hausa sananniya ce. Makaɗin fada yana wasa sarki, a ba shi riga da doki. Makaɗin jama'a yana wasa attajiri, a ba shi kuɗi ko mota ko kujerar Makka. Ba laifi ba ne, sana'a ce, kuma Ɗan Maraya shi ma ya yi wa manya waƙa ya ci abinci da ita. Amma waƙar da ya fara fitowa da ita, wadda kuma har gobe ake tunawa da shi saboda ita, ba ta sarki ba ce balle attajiri. Waƙar Karen Mota ce.

Duk wanda ya taɓa hawa babbar mota daga Jos zuwa Kudu ya san wannan yaro. Shi ne mai loda kaya da ɗaure igiya. Shi ne mai zuba wa mota ruwa in ta yi zafi. In taya ta fashe a tsakiyar daji da tsakar dare, shi ne zai kwanta a ƙasa ya kwance ta. In mota ta mutu shi ne mai turi. A wuri irin Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda motoci da yawa suka halaka, shi ne yake dira da weji a hannu ya jefa a bayan taya kada mota ta koma da baya da mutane. In an isa masauki direba ya tafi ya kwanta, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Bayan duk wannan wahala, sunan da aka ba shi shi ne kare.

Ɗan Maraya ya ɗauki wannan suna na raini ya yi masa kirari irin wanda ake yi wa mazaje. Ya lissafa aikin yaron dalla-dalla, yadda mai ji zai gane cewa mawaƙin ya zauna da waɗannan yara ya ga abin da suke sha. A nan ne alherin mutumin ya fito fili, domin karen mota ba shi da riga ko doki da zai ba maroƙi. In ya yi ƙoƙari ya saya masa shayi da burodi. Duk da haka aka yi masa waƙa, aka sa ta a gidan rediyo, attajirin da yake da motar ya ji, fasinjan da yake zaginsa shi ma ya ji.

Kada mai karatu ya raina wannan. A ƙasar Hausa wanda aka yi wa waƙa ya shiga sahun mutane, domin waƙa ita ce take ajiye suna. Kuma direbobi nawa ne a yau, har da masu motocin kansu, waɗanda suka fara daga bayan mota? Buhunan dankalin Turawa da kabeji da karas da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, kowanne sai da ya bi ta hannun irin wannan yaro kafin ya iso.

Haka ya ci gaba da yi a sauran waƙoƙinsa. Ya fi son ya zaɓi gwarzonsa da kansa daga cikin masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma yi ta jan hankalin mai akwai game da marar shi, yana tuna musu duka cewa dukiya aro ce kuma kabari ɗaya ne.

LOKACIN YAƘI

Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ɗan Maraya yana saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai. Kafin yaƙin sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma kafin a gama a watan Janairu na 1970 sun kai wajen 250,000. Waɗannan da aka ɗiba kuwa yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, manoma da leburori da yaran tasha, irin mutanen da ya riga ya saba yi wa waƙa. Ya tsara waƙoƙi masu yawa na ƙarfafa wa sojan Tarayya gwiwa, yana siffanta abin da ake gani a fagen fama kamar mai sauraro yana wurin.

Yaƙin nan ba abin alfahari ba ne ga kowa, kuma mutanen Gabas, waɗanda 'yan Arewa da yawa suke zaune tare da su lafiya a yau, su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Abin lura a nan kawai shi ne, ko a lokacin da bakin kowa yake kan manyan hafsoshi, Ɗan Maraya bai manta da kurtu ba, wanda ya bar uwa da mata a ƙauye bai san ko zai komo ba.

MAGANAR AURE

Ya kuma mai da hankali ga abin da ke cikin gidaje. Akwai waƙoƙi uku da ya yi a kan aure waɗanda ya kamata duk magidancin da yake zaune nesa da iyalinsa ya sake saurara.

A Jawabin Aure ya jero irin ɓarnar da saki yake jawowa, ya roƙi miji da mata su riƙa gyara tsakaninsu tun abu bai yi nisa ba. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da iyaye suke ɗaura wa aure da wanda ba ta so. Faɗin haka a bainar jama'a a wancan zamani sai mai ƙarfin hali, domin iyayen da yake yi wa faɗa su ne masu kiransa wasan biki. A Gulma Wuya kuwa ya zana hoton mai yawon gulma a unguwa, wadda take haɗa baki da boka tana raba ma'aurata.

Ɗan ci-rani ya san waɗannan abubuwa fiye da kowa. Mutum yakan yi wata shida ko shekara a Kudu yana nema, matarsa tana can gida, sai wani ya kawo masa magana, ko a kai mata magana a kansa. Da a wasiƙa ake aiko da saki, yanzu kuwa ta waya ake yi cikin fushi, kafin a bincika an riga an yi ɓarna, 'ya'ya su watse a gidajen dangi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ɗan Maraya, wanda ya san ɗacin tashi ba uwa ba uba, bai gaji da gargaɗi a kan abin da yake mai da yaro maraya alhali iyayensa suna raye ba.

Waɗannan waƙoƙi uku sun kai har jami'o'in ƙasashen waje. Wani masanin harshen Hausa ɗan Amurka, marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, ya zauna ya nazarci yadda aka auna kalmominsu a kan kiɗa. Watau abin da mai shayi yake ji yana kaɗa kai, shi ne malamai suke zama da alƙalami suna ƙididdigewa.

GIRMA YA ZO

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gidan rediyon Kaduna, wanda ake kamawa har Kudu, ya yaɗa muryarsa ko'ina, daga baya faifan garmaho da kaset suka kai ta inda rediyo bai kai ba. Gwangwanin kifin nan ya kai shi ƙasashen Turai da Amurka, inda mutanen da ba su jin ko kalma guda ta Hausa suka zauna suna mamakin abin da tsirkiya ɗaya take yi. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake ce masa Dokta.

Duk da haka bai ƙaura daga Jos ba, bai kuma sauya sunan maraya da wata sarauta ba. Yana nan a garin aka yi tarzomar watan Satumba na 2001, da ta Nuwamba 2008, da ta Janairu 2010, waɗanda suka raba unguwanni suka kuma raba maƙwabta. A garin da ake tambayar mutum addininsa kafin a gaishe shi, waƙar Ɗan Maraya tana cikin 'yan abubuwan da Musulmi da Kirista, Bahaushe da Birom, suka ci gaba da ɗauka nasu ne su duka. Da ya rasu, bai kai shekara 70 ba, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, yana cikin waɗanda suka aika da ta'aziyya.

ABIN DA YA RAGE GA MASU RAI

In an bi labarin nan daga ƙarshe zuwa farko, za a ga duk ya taso ne daga abu guda, watau ranar da wani shugaban jama'a a garin baƙi ya ce a kawo masa jaririn nan. Da bai yi haka ba, da babu Karen Mota, babu Jawabin Aure, babu digiri, babu lambar girma. Yaron da aka yi wa gata ya girma ya shafe rayuwarsa yana yi wa marasa gata abin da ya iya, da abin da yake hannunsa.

Irin wannan sarauta tana nan a Kudu. Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, kuma akwai sarakunan Hausawa a Agege da Shagamu da sauran garuruwa, ga shugabannin kasuwa da na tasha da limaman unguwa. Kullum kuma manyan motoci suna sauke yara ƙanana daga Arewa, waɗansu rikici ne ya cinye iyayensu a Filato ko Barno ko Zamfara, waɗansu talauci ne ya koro su. Suna kwana a rumfunan kasuwa da bakin masallaci, suna dako, suna tura baro, suna wankin takalma. Ba a san abin da Allah Ya ajiye a cikin kowannensu ba, kamar yadda ba a san na Adamu ba a 1946.

Ba kowa ne yake da halin ɗaukar yaro ya riƙe ba. Amma mai shago yana iya koya wa guda ɗaya ciniki. Direba yana iya biyan yaron motarsa hakkinsa a kan lokaci, ya kuma bar shi ya taɓa sitiyari domin shi ma wata rana ya zama direba. Fasinja kuwa, in ba zai iya kome ba, yana iya tambayar yaron sunansa ya kira shi da shi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, Ya jiƙan wanda ya riƙe shi, Ya kuma ba marayu masu tsaya musu a gida da kuma wurin nema, amin.